Katangun da Suka Riƙe Vernazza

Jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga La Spezia ya fi daɗewa a cikin duhu fiye da cikin haske. Ta cikin duwatsu aka huda hanyar dogon, sai jefi-jefi jirgi ya leƙo waje, teku ya bayyana ta taga kamar ruwan baba a karofi, kafin ka gyara zama ka kalle shi da kyau wani ramin ya sake haɗiye ku. A tsakanin ramukan ne tasoshin suke: Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza, sannan Monterosso, inda muka sauka da hantsi. Waɗannan ƙauyuka biyar su ake kira Cinque Terre, a bakin masu wurin "Cinkwe Terre" za ka ji, wato ƙasashe biyar. A jere suke a gaɓar Bahar Rum, a yankin Liguriya da ke arewa maso yammacin Italiya, kowanne ya maƙale a bakin kwari ko a kan dutse kamar sheƙar tsattsewa.

A watan Oktoba ne na je duba ɗan ƙanena da ke karatu a Pisa. Tun ina faɗi-tashin neman biza yake ce mini a waya, "Baffa, kai da ka yi shekara da shekaru kana malamin gona, akwai wurin da sai ka gani da idonka." Na zaci teku yake son nuna mini, tunda ya san ni mutumin tudu ne, ruwan da na saba gani bai wuce na madatsar Tiga ba. Sai da muka fara hawa na gane gonaki yake nufi.

Akasarin baƙi hanyar bakin teku suke bi daga Monterosso zuwa Vernazza, wajen kilomita 3.5, su ci abinci, su hau jirgi su koma. Sentiero Azzurro ake ce mata, Shuɗiyar Hanya. Mu kuwa zagaye muka shirya. Za mu bi bakin tekun zuwa Vernazza, daga nan mu haura tsauni zuwa wata tsohuwar majami'a da ake kira Reggio, mu ratsa ta sama zuwa wata mai suna Soviore, sannan mu gangaro Monterosso ta bayan gari. Duka-duka kusan kilomita 12. Duk mai ƙoshin lafiya da ya saba zuwa gona a ƙafa zai iya, sai dai mai ciwon gwiwa ya yi tunani sosai, domin babban ɓangaren hanyar matakala ce.

Daga tasha muka bi bakin rairayi, muka ratsa wani ɗan rami da aka huda wa masu tafiya a ƙafa, muka faɗa tsohon gari, inda aka jawo ƙananan jiragen masunta aka ajiye a kan yashi. A ƙarshen garin hanya ta fara ɗagawa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da wata rumfar katako, wata mata a ciki ta duba katinmu na shiga hanyar, Yuro 7.50 kowane mutum, sannan ta leƙo ta dubi ƙafafunmu. Tun 2019 aka hana hawa hanyar da silifa, tarar kuma daga Yuro 50 take farawa, saboda yawan waɗanda ke zamewa har sai an tura masu ceto. Yaron ya riga ya saya mini kambas mai kaushin ƙasa a Pisa. Ta ɗaga mana hannu muka wuce.

Matakalar farko ita ke tace mutane. Duwatsu ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, wani tsayinsa taƙi guda, wani ya kusa kai gwiwa, babu biyu da suka zo daidai, ga ƙunci, a wasu wuraren faɗin bai fi kamu ɗaya ba. Kafin minti 10 na tuɓe rigar sanyi, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Yaron ya karɓi jakata bai ce komai ba, ya miƙo mini sanda. Na jingina da katangar da ke gefen hanya don numfashi ya dawo, a nan ne na lura da ita.

Babu siminti a jikinta, babu laka, babu ko makuba. Dutse ne a kan dutse. Na cusa yatsa a tsakanin guda biyu, ya shige har gaɓa ta biyu, na ji danshi da sanyi a ciki, wani ɗan ƙadangare ya fito ta ramin da ke sama ya gudu. Na ɗaga kai. A saman katangar akwai 'yar gona, faɗinta bai wuce tabarma biyu ba, an jera kurangar inabi a ciki, an riga an girbe, ganyen ya fara komawa rawaya. Bayanta wata katangar, samanta wata gonar, haka har inda ido ya gaza. Tsaunin gaba ɗaya an yanka shi hawa-hawa. A yaren wurin kowane hawa sunansa "cian".

Kusan shekara 1,000 ke nan da mutanen nan suka fara wannan aiki. Ƙasar da Allah ya ba su gangare ce a tsaye, babu inda za a kafa garma, sai suka fasa dutsen suka gina katanga da shi, suka cike bayanta da tsakuwa da ƙasa. In ruwa ya wanke ƙasar zuwa kwari, a kwando ake kwaso ta a mayar, mata a ka, maza a kafaɗa. Ana ƙiyasin da za a miƙe katangun nan a haɗa su baki da baki, da sun kusa kilomita 7,000. Su ne babban dalilin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, gwamnatin Italiya kuma ta mayar da shi gandun ƙasa mai kariya a 1999. Hotunan da ke yawo a intanet gidaje masu launi suke nunawa, amma gidajen ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na aikin hannun da ke wurin ba.

Can gaba muka tsallake wani siririn dogo guda ɗaya mai haƙora, wanda ya miƙe daga bakin hanya ya haura gonaki kusan a tsaye. Wani ɗan inji ne ke bin sa, da kujerar direba da akwatuna a baya, shi ke sauko da inabi lokacin girbi. Daga wajajen 1980 aka fara kafa irinsa. Kafin nan a ka ake saukowa da kwandunan, ta irin matakalar da ta sa ni haki alhali ba na ɗauke da komai. Inabin nan galibi giya ake yi da shi, abin da ni ba ruwana da shi, amma manomi manomi ne, kuma wahalar da na gani a gonakin nan ta isa a girmama ta.

Bayan hawan sai hanya ta kwanta, ta riƙa bin ƙugun tsauni, tana shiga kwari tana fita. Teku na hannun dama, can ƙasa sosai, ƙarar igiyar ruwa ba ta ko isowa. A ƙarƙashin itatuwan zaitun an shimfiɗa raga, wata ja wata koriya, don tarbe 'ya'yan da ke zubowa. Akwai lemun tsami, akwai ɓaure, akwai wata 'yar gadar dutse a kan ƙorama inda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. A wurare da dama mutum biyu ba sa giftawa, sai ɗaya ya manne da katanga ɗayan ya wuce, kowa na cewa "bonjorno" ko da daga Amurka ya zo ko daga Sin. Mazauna ƙauyukan biyar ba su kai 4,000 ba, baƙin da ke zuwa a shekara kuwa miliyoyi ne. A ranakun hutu masu cunkoso har mayar da wannan hanyar ake ta zama ta tafiya kawai, daga Monterosso zuwa Vernazza, ban da dawowa.

Mun yi kusan awa 2 muna tafe sai muka sha wata kwana, Vernazza ta bayyana a ƙarƙashinmu gaba ɗaya. Dogayen gidaje ne masu ruwan hoda da rawaya sun cunkushe a bakin kwari, ga 'yar tashar jiragen ruwa a lanƙwashe, ga majami'ar Santa Margherita da aka gina a 1318, ruwa na dukan gindinta, ga zagayayyar hasumiyar gidan Doria a kan dutsen da ya kutsa cikin teku, inda a da ake gadin 'yan fashin ruwa. Na daɗe a tsaye. Yaron ya ce, "Baffa, in mun sauka akwai abin da zan nuna maka a kusa da tasha."

Manyan hotuna ne aka kafe a bango. A ciki ga titin da muke tsaye a kai, amma laka ta cike shi har ta rufe ƙofofin shaguna, motoci a kife, itatuwa da duwatsu sun toshe lunguna. Ranar 25 ga Oktoba, 2011 ke nan. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na 'yan awoyi, gangaren da ke saman garin ya zaftare a wurare barkatai, komai ya taru ya nufo kwarin. Ƙoramar da ta haƙa kwarin, Vernazzola, an daɗe da rufe ta, babban titin garin a kanta yake kwance. Da magudanar ta toshe sai ruwan ya hau titi. Laka ta kai wajen mita 4. Mutum 3 suka rasu a Vernazza, sai a gaɓar Faransa aka tsinci gawarwakinsu. An kwashe mutanen gari, an yi watanni ana haƙa kafin rayuwa ta dawo. Monterosso ma ta sha nata a ranar. Masu binciken da suka bi kwarin daga baya sun gano cewa zaftarewar ta fi yawa a gonakin hawa-hawa da aka daina nomawa ba da daɗewa ba, inda katanga ta fara sakin jiki, daji kuma bai gama kama ƙasar ba.

Na juya na dubi titin. Mutane na shan kofi, yara na lasar ƙanƙara mai zaƙi, wata mata na jera kwalaben man zaitun. Na kasa kunne a bakin wani murfin ƙarfe, na jiyo ƙoramar na gudu a ƙarƙashin ƙafata.

A bakin ruwa muka ci abinci. Yaron ya tambayi mai shago ko akwai kitsen alade a burodin, domin wasu na sawa, ta ce man zaitun ne zalla. Muka haɗa da ƙananan kifi soyayyu a cikin takarda, da wata faffaɗar waina ta garin wake irin nasu da ake kira farinata, ɗanɗanonta tsakanin ƙosai da alale. Muka cika gorunanmu a famfo muka tashi.

Hanyar Reggio ta wajen tasha take ɗagawa, ta wuce ta gefen maƙabartar garin. Ba a biyan kuɗi a kanta, kuma da muka yi taku ɗari sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Tsohuwar hanya ce shimfiɗe da duwatsu, wadda mutanen Vernazza ke bi zuwa ziyara tun kaka da kakanni. Mun wuce maƙabartar da kaɗan na jiyo ƙarar guduma.

Mutum biyu ne a wata gona da ke saman hanya, wani tsoho mai furfura da wani matashi baƙar fata. Katangar ta yi ciki ta zube, gurbin ya kai taku huɗu. Sun kwashe duwatsun sun kasa su uku, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, sun kafa sanduna biyu sun ja igiya a tsakani. Sabo ne ya sa bakina ya ce, "Sannunku da aiki." Matashin ya saki gudumar ya miƙe tsaye, ya dube ni ya dubi hulata.

"Yauwa, Alhaji! Sannu da zuwa. Daga ina?"

Ban san lokacin da na haura gonar ba. Ya goge hannu a wando ya miƙo mini biyu, ya ɗan rusuna. Ɗan zango ne daga Kumasi, Hausarsa irin tasu ta can wadda ba ta raba mace da namiji, "katanga ya faɗi" yake cewa. Ta Agadas ya biyo, ya zauna a Libiya, ya tsallako ruwa. Bai so tsawaita wannan zancen ba, ni ma ban tona ba. Ya ce ya daɗe bai ji wanda ya gaishe shi da Hausa ido da ido ba, sai a waya. A yankin akwai shirin da ake koya wa baƙin haure da marasa aikin yi ginin katangar dutse, saboda masu iyawa sun tsufa. A nan ya koya, daga nan tsohon ya ɗauke shi.

Na ce masa, "Ɗana, nuna mini yadda kuke yi. Aikina ne a gida."

Ya tsuguna ya ɗauko wani dutse ya jujjuya shi. "Alhaji, kowane dutse yana da fuska, yana da wutsiya. Fuska waje, wutsiya ciki." Tsawon dutsen cikin tsauni ake cusa shi, ba a shimfiɗa shi a bin katanga don a yi saurin gamawa. Da farko sai an haƙa har an taɓo ƙasa mai tauri, a kwantar da mafi girma a gindi, a ɗan karkata su baya. Katangar duka a jingine take da tsauni kaɗan, abin da igiyar ke aunawa ke nan. Kowane dutse sai ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda maginin kirki ke jera bulo. "Ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya," in ji shi, da alama haka aka karanta masa har ya haddace. Ƙananan kuwa, waɗanda mai kallo zai ɗauka shara ce, bayan katangar ake zuba su, a cike tsakaninta da ƙasa.

Na sa yaron ya tambayi tsohon me ya hana su sa siminti su huta. Bai amsa da baki ba tukuna. Ya ɗauki gorar ruwansa ya tsiyaye ta a bayan sashen da suka gama, ya nuna mini ƙasa da yatsa. Jim kaɗan sai ga ruwan yana tsattsafowa ta tsakanin duwatsun gindi, ya jiƙa hanya. Sannan ya yi magana, yaron na fassarawa: siminti tare ruwa yake, ruwa ya taru a baya ya yi nauyi, ran da katangar za ta tafi gaba ɗaya take tafiya, da gonar da ke kanta. Wannan kuwa tace ruwa take. In ta gaji sai ta yi ciki, mai gona ya gani, ya rushe wurin ya sake ɗorawa da duwatsun nan dai. Ya dafa wani dutse mai gansakuka ya ce mai yiwuwa kakansa ya taɓa ɗaga shi.

Na roƙa a bar ni in ɗora guda ɗaya. Na zaɓo, na aza, ya yi rawa. Na juya shi, ya sake rawa. Tsohon ya karɓa ya kifa shi, ya sa guduma ya ɓantare wani ɗan ƙusumbi a cikinsa, ya mayar, ya cusa ɗan siririn dutse ta baya, sannan ya yi mini alama in hau. Na taka da ƙafa biyu, ko motsi. Gefen dutsen ya ɗan yanke ni a babban yatsa, amma na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Kwana uku ke nan suna kan wannan gurbin, in ji matashin, kuma akwai irinsa biyar a gonar da ke jira.

'Ya'yan tsohon biyu ne. Ɗaya na aiki a Milan, ɗayar tana ba baƙi hayar ɗakuna a cikin gari, kuma ɗaki guda a lokacin zafi ya fi gonar nan duka kawo kuɗi. Bai faɗe shi da zargi ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Abin ya daɗe da farawa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1874, ga kuma ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi a La Spezia tana ɗaukar mutane, sai maza suka samu albashin wata. A shekarun 1920 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya halaka gonaki. Daga baya yawon buɗe ido ya zo ya kwashe sauran hannuwan. Shekara 100 da suka wuce ana noma wajen hekta 1,400 a kan tsaunukan nan, yau inabin da ya rage bai fi hekta 100 ba. A 2018 UNESCO ta sa ginin katangar dutse ba laka cikin sana'o'in gado na duniya. Takarda dai ta fito, amma a gonar nan mutum biyu na gani, ɗaya ya haura 70.

Na zazzage dabinon da ke jakata na ba matashin. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a." Na ce Allah ya tsare, ya sa albarka a sana'ar, ya sada shi da mahaifiyarsa da alheri. Har muka sha kwana ina jin gudumar.

Reggio tana sama da mita 300 daga teku. Fili ne mai inuwar manyan itatuwa, cikinsu har da wani dogo da aka ce ya shekara 800, ga maɓuɓɓuga mai sanyi tana zuba a kwamin dutse. A cikin majami'ar akwai hoton Maryamu da ɗanta baƙaƙe, mutanen wurin na ce mata "l'Africana", 'yar Afirka. Babu kowa sai wasu mata biyu na cin guzuri. Muka yi alwala a maɓuɓɓugar, muka fita daga harabar don girmama masu wurin, muka samu wani hawan gona da ba a nomawa. Wayar yaron ta nuna alƙibla ta kudu maso gabas, ta bin gaɓa. Muka shimfiɗa rigunan sanyi muka haɗa Azahar da La'asar, raka'a biyu-biyu. Da na yi sujada na ji ƙamshin ƙasar, ƙasar da wani ya ɗauko a kwando.

Daga Reggio zuwa Soviore ne na ga abin da hotunan tasha suke nufi. Mun buɗe wata ƙofar waya da aka sa don tare aladun daji, masu tone gindin katanga da dare, muka rufe a bayanmu. Daga nan sai daji. Amma in ka duba da kyau ba daji ba ne na asali. A ƙarƙashin sarƙaƙiya da ƙaya katangu ne layi-layi, wasu a tsaye, wasu sun yi ciki, wasu sun zube sun danne na ƙasansu, waɗannan su ma sun danne na ƙasa. Saiwar itatuwa ta shiga ta raba duwatsu. A wani wuri na ga kangon 'yar bukkar dutse da ɓaure ya tsiro a tsakiyarta.

Sai Sukur ta faɗo mini. Lokacin da na yi aiki a ƙasar Madagali na hau can ba sau ɗaya ba, ta hanyar nan da aka shimfiɗe da duwatsu har fadar Hidi, sarkinsu. Su ma haka suka yanka duwatsun Mandara hawa-hawa suna shuka dawa da gero, ba siminti, kuma kafin damina kowane gida sai ya bi katangunsa ya gyara. Ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999, shekara biyu bayan Cinque Terre. A lokacin ina matashi, na zo da takarduna ina koya musu zuba takin zamani, ban taɓa tsugunawa na ce wani dattijo ya nuna mini yadda yake aza dutse ba. Wannan ya dame ni a kan hanyar Soviore, har yanzu kuma yana damuna. Tun 2014 rikicin Boko Haram ya kori mutane da yawa daga duwatsun Gwoza da Madagali. Ina tafe ina tunanin katangun gonakinsu, damina nawa suka sha ba mai duba su.

Hanyar ta faɗa kwalta, muka bi gefenta na ɗan lokaci har Soviore, mai tsayin sama da mita 450. An ce ita ce mafi daɗewa cikin wuraren ziyarar Maryamu a Liguriya. Ba mu jima ba. Muka zauna a inuwa muka sha ruwa, muna hango Monterosso a ƙasa da dogon hancin dutsen Punta Mesco ya shige cikin teku, rana ta fara karkata kansa.

Saukowar ta fi hawan wuya. Tsohuwar hanyar alfadarai ce, duwatsun sun yi sulɓi, ganye ya rufe wasu. Cinyoyina suka riƙa rawa, na koma sauka a karkace, sanda a gaba, yaron na taku ɗaya a ƙasana ko da zan zame. Sama da awa guda muka yi kafin muka fara jin ƙarar cokula da muryoyin yara ta bayan gidaje. Muka ratsa tsohon gari muka fito bakin rairayin da muka bari da safe, wajen ƙarfe 5 na yamma.

Na cire kambas na naɗe wando na shiga ruwa har ƙwauri. Sanyinsa ya ratsa ni, da na tsoma hannu kuma gishiri ya kama yankan da ke yatsana.

"Baffa, gwiwar fa?"

"Da sauƙi. Ciro mini littafina a jaka."

A kan yashin na zauna na rubuta tun ban manta ba: a haƙa har ƙasa mai tauri, manya a gindi, fuska waje wutsiya ciki, ɗaya kan biyu, tsakuwa a baya, a jingina da tudu. Na sa yaron ya zana mini yadda suka ja igiyar. A gonata ta gida akwai kwazazzabon da ke cin gefen gabas, kowace damina sai ya ƙara taku ɗaya ko biyu, na zuba buhunan yashi sau biyu ruwa ya tafi da su. Duwatsun da muke tsincewa in za a yi huɗa suna nan tsibi-tsibi a kan iyaka. Ina komawa zan tarar an fara girbin dawa, in an gama sai in nemi yara huɗu da guduma.